Sayonara: zamanin da dadiro ya fi aure sauƙi ga sojan Amurka a Japan

A farkon fim ɗin Sayonara akwai wani ɗaurin aure da ba shi da armashi ko kaɗan. Babu dangi, babu taro, babu mai guɗa. A ofishin ƙaramin jakadan Amurka aka yi shi, gaban wani jami'i da ke karanta ƙa'ida kamar mai karanta sammaci. Ango ƙaramin sojan sama ne mai suna Joe Kelly, amarya kuma Katsumi, 'yar Japan da ba ta jin Turancin da ake ɗaura mata aure da shi sai 'yan kalmomi. Babban abokin ango, Manjo Lloyd Gruver, ya zo ne don kunya kawai, domin shi da bakinsa ya gama yi wa Kelly faɗa cewa ya bar wannan aure. Kafin Kelly ya kai ga wannan tebur sai da ya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa wasiƙa a can Amurka, don shugabanninsa na soja sun ƙi sa masa hannu.

Wanda ya saba da fina-finan Indiya zai zaci ya san inda labarin ya dosa: saurayi da budurwa suna son juna, uba mai kuɗi ya ce atafau, a sha kuka, a sha waƙa, a ƙarshe uba ya sauko. To, a nan babu uban da za a je a durƙusa wa. Abin da ya tsaya tsakanin masoyan takarda ce, kuma takarda ba ta jin magiya. Shi ya sa wanda bai san dokokin wancan lokaci ba zai kalli fim ɗin ya ga soyayya da kyawawan wurare kawai, ya kasa gane dalilin da ya sa mutum biyu masu aure na halal suka rasa wurin tsayawa a duniya.

Fim ɗin ya fito a 1957 daga kamfanin Warner Bros. Joshua Logan ne ya ba da umarni, an kuma ciro labarin daga littafin James Michener na 1954 mai wannan suna. Kalmar sayonara da Japananci ban kwana take nufi. Marlon Brando ne Gruver, gwarzon matuƙin jirgin yaƙi a yaƙin Koriya, ɗan janar, wanda aka ɗauko daga fagen daga aka kawo sansanin Itami kusa da Kobe. Janar Webster ne ya shirya wannan canjin wurin aiki, don Gruver ya kusanci 'yarsa Eileen a yi biki. Hanyar a share take: ya auri 'yar janar, shi ma wata rana ya zama janar. Sai ya hangi Hana-ogi, tauraruwar wata ƙungiyar rawa ta mata zalla, tana tsallaka gada a kan hanyarta ta zuwa gidan wasa. Daga ranar ya mayar da bakin gadar nan wurin zamansa, kullum yana tsaye, ita kuma ko kallo bai ishe ta ba, don Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye mata 'yan uwa kuma Amurkawa ne suka kashe su.

Wannan shi ne labarin da aka sa a allon talla. Amma nauyin fim ɗin yana gidan Kelly da Katsumi, ɗan ƙaramin gida na katako a bakin magudanar ruwa, inda dole dogon mutum irin Gruver ya cire takalmi ya sunkuya kafin ya shiga, har ya riƙa buga kai a ƙofa. A nan ya fara ganin miji da mata suna zaune lafiya, tana dafa masa abinci, tana cuɗa masa baya a wanka, yana ƙoƙarin haɗa kalmomin yarenta. A nan kuma ya samu wurin ganawa da Hana-ogi a ɓoye. Da wani kanar mai ƙin jinin irin wannan aure ya tashi ɗaukar mataki, bai ce a raba auren Kelly ba, don ba shi da ikon haka. Sunansa kawai ya sa a jerin waɗanda za a mayar Amurka. Katsumi tana da ciki, ba ta da izinin bin mijinta, shi kuma soja ba ya cewa ba zai tafi ba. Aka garƙame gidan. Kelly ya sulale daga hannun 'yan sandan soja ya koma wurinta, kuma da Gruver ya ɓalle ƙofa ya shiga, gawarsu ya tarar su biyu.

Don a gane yadda aka kai nan sai an koma baya sosai, tun kafin a haifi Kelly. Dokar Amurka ta 1790 ta ce farar fata ɗan 'yanci ne kaɗai baƙon da zai iya zama ɗan ƙasa. Bayan yaƙin basasar Amurka aka ƙara 'yan asalin Afirka, mutanen Asiya kuwa aka bar su a waje. A 1922 wani Bajapane mai suna Takao Ozawa, wanda ya shekara sama da ashirin a Amurka, ya yi karatu a can, yana magana da Turanci a gidansa, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Kotu ta ce shi ba fari ba ne a ma'anar doka. Shekara biyu bayan haka, dokar shige da fice ta 1924 ta zo da wata dabara: ba ta ambaci Japan da suna ba, ta dai ce duk wanda bai cancanci zama ɗan ƙasa ba, ba zai shigo ya zauna ba. Da jimla ɗaya aka rufe ƙofa. A Japan an ɗauki wannan doka a matsayin cin mutunci na ƙasa baki ɗaya, kuma ba a manta ba.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya wuce. A watan Agustan 1945 Japan ta miƙa wuya, sojojin Amurka dubu ɗaruruwa suka sauka ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur. Ƙasar da suka tarar toka ce. A daren 10 ga Maris na shekarar kaɗai, ruwan bama-bamai masu cin wuta ya kashe mutum kusan dubu ɗari a Tokyo. Sojojin Japan sama da miliyan biyu ba su dawo gida ba, wasunsu a dazukan Bama suka kwanta, inda kakanninmu na rundunonin Afirka ta Yamma suka gwabza da su. Ma'anar wannan a cikin gida ita ce, akwai 'yan mata da yawa da samarin da za su aure su suna kabari. Abinci ya yi wuya, aikin da ke biyan albashi kuma yana sansanin baƙi: buga takardu, tafinta, sayar da kaya a kantin soja, wanki da guga, aikin gida. Yawancin auren da muke magana a kai daga nan suka faro, tsakanin saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai da yarinyar da ke ba shi canji a kanti.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin nan. Tun kafin sojojin mamaya su gama sauka, gwamnatin Japan da kanta ta kafa wata hukuma da ta buɗe musu gidajen karuwai, wai don a kare mutuncin sauran mata. Hukumomin Amurka suka bari abin ya gudana har watan Maris na 1946, kuma abin da ya sa aka hana sojoji zuwa can shi ne cututtukan sanyi da suka yi yawa da surutun da ya fara tashi a gida. Bayan nan harkar ta koma titi, aka samu matan da ake kira panpan. Soja zai iya kama ɗaki a gari ya ajiye mace, kowa ya sani, kowa ya kau da kai, domin an san ranar da jirginsa zai tashi zance ya ƙare. Fitina tana farawa ne ranar da ya ce zai aure ta. Nan ne za a kira shi ofis, a haɗa shi da limamin coci na soja ya yi masa nasiha, a tuna masa da mahaifiyarsa da maƙwabta. Fim ɗin ya kama wannan daidai. Matar Janar Webster da kanar ɗin nan ba su damu da abin da samari ke yi da daddare ba. Zobe da takardar aure ne suka tsone musu ido.

A ƙarshen Disambar 1945 majalisar Amurka ta yi dokar amaren yaƙi, wadda ta ba matan sojoji damar shiga ƙasar ba tare da jiran layi ba. Dubban mata daga Ingila da Ostareliya da Faransa da Italiya suka hau jirgin ruwa. Matan China ma sun samu shiga, don an soke dokar hana Sinawa tun 1943, lokacin da China ke ƙawance da Amurka a yaƙi. 'Yar Japan kuwa dokar 1924 tana nan a kanta daram. Da koke ya yi yawa, musamman daga sojoji 'yan asalin Japan da aka haifa a Amurka, waɗanda suka yi aikin tafinta a mamayar, sai majalisa ta yi wani gyara a Yulin 1947. Gyaran ya ce an yafe sharaɗin launin fata, amma ga wanda ya ɗaura aure cikin kwana talatin da sa hannu a dokar. Kwana talatin, a tsarin da neman izinin kwamanda kaɗai kan ci watanni. Waɗanda suka tsallake ba su kai dubu ba. Aka sake buɗe tagar a Agustan 1950 na wata shida, aka ƙara wa'adi zuwa Maris 1952.

Wato a 1951, shekarar da labarin fim ɗin ke gudana, ƙofar ba a rufe take ruf ba kamar yadda mai kallo zai ɗauka. Fim ya sauƙaƙa lissafin don labari ya tafi. Amma ainihin abin da ya nuna gaskiya ne, domin makullin yana hannun kwamanda. Kafin a ba da izini sai an binciki yarinyar da danginta, ko an taɓa kama ta, ko akwai ɗan kwaminisanci a gidansu, sai an gwada ta ko tana da tarin fuka ko ciwon sanyi, sai saurayin ya nuna yana da abin riƙe ta. Kowace takarda tana da wa'adi, kafin ta ƙarshe ta fito ta farko ta mutu, a koma baya. Kwamandan da ba ya so ba sai ya ce a'a ba. Ya ajiye fayil a aljihun tebur, ya tura yaron Koriya ko ya mayar da shi gida. Da yawa sun gaji sun je wurin ibadar Shinto, addinin gargajiya na Japan, an ɗaura musu aure irin na gargajiya, wanda a idon soja da ofishin jakadanci daidai yake da babu.

Dokar da ta kawo ƙarshen wannan ita ce ta McCarran da Walter, ta 1952, wadda majalisa ta zartar duk da Shugaba Truman ya ƙi sa hannu. Ta soke sharaɗin launin fata wajen zama ɗan ƙasa. Kada a ɗauka karamci ne ya motsa su: kason da aka ware wa Japan mutum 185 ne a shekara. Sai dai matar ɗan ƙasa ba ta cikin lissafin kaso, kuma ta wannan ƙaramar kafa mata kusan dubu arba'in da biyar suka shiga Amurka cikin shekarun da suka biyo baya. A shekarar ce kuma, ranar 28 ga Afrilu, mamayar ta ƙare bisa yarjejeniyar San Francisco. A fim, bayan an binne Kelly da Katsumi ne Janar Webster ke gaya wa Gruver cewa ana dab da yin dokar da za ta ba irin su damar tafiya da matansu. Da sun ƙara haƙuri na 'yan watanni, da sun rayu. Wannan ita ce jimlar da ta fi kowace zafi a fim ɗin, kuma an faɗe ta ne a sanyaye, kamar labarin canjin jadawalin jirgi.

Ɓangaren Japan ma ba rungumar auren aka yi ba, fim ɗin kuma bai ɓoye hakan ba, don har ya nuna gungun matasa sun far wa Gruver a unguwar su Kelly. Yarinyar da ta bi sojan mamaya, ko da aure, ana yi mata kallon panpan. Akwai iyayen da suka cire sunan 'yarsu daga koseki, rajistar iyali da kowane gida ke da ita a hukumance, wanda a can ya fi ƙarfin a ce an yi fushi da kai, shafe ka aka yi daga zuri'a. Abin dariyar shi ne, Amurkawan nan da ke hana sojansu aure su ne suka rubuta wa Japan kundin tsarin mulkin 1947, wanda sashe na 24 nasa ya ce aure yana ƙulluwa ne da yardar mutum biyun kaɗai. Wata matashiya 'yar shekara 22, Beate Sirota, wadda ta girma a Tokyo, ita ta tsara wannan sashe. An ƙwace ikon hana aure daga hannun uban Katsumi, aka bar shi a hannun kanar ɗin Kelly.

Matsalar Hana-ogi daban ce, kuma ba ta da alaƙa da biza. Ƙungiyar rawarta, wadda fim ya kira Matsubayashi, an kwaikwayo ta ne daga Takarazuka, ƙungiyar gaske da wani attajirin jirgin ƙasa, Kobayashi Ichizo, ya kafa a 1913 kuma har yau tana wasa. Mata zalla ne, wasu suna fitowa a matsayin maza, kuma ƙa'ida ce duk mai son aure ta ajiye aiki. Hana-ogi tana bin ƙungiyar bashin alheri, su suka tsamo ta daga talauci suka mayar da ita abin da ta zama, suna kuma sa ran ita za ta gaji shugabancin makarantar. Idan aka auna, abin da za ta rasa ya fi na Gruver. Shi zai rasa ƙarin girma, ita za ta rasa suna da sana'a da gida gaba ɗaya. Amma fim ya ba tunanin Gruver sa'o'i, nata kuwa 'yan mintuna.

Mutuwar Kelly da Katsumi ma tana da tushe da mai kallo na waje ba zai lura ba. Kafin abin ya faru an nuna su suna kallon wasan 'yar tsana na bunraku, inda masoya biyu da duniya ta ƙi su suka zaɓi mutuwa tare. Wannan tsohon jigo ne a adabin Japan, ana kiransa shinju, kuma marubucin wasan kwaikwayo Chikamatsu ya shahara da shi tun 1703. Turawa kuma suna da nasu tsohon labari game da 'yar Japan, wato wasan waƙa na Puccini na 1904, Madama Butterfly, inda hafsan sojan ruwan Amurka ya auri yarinya a Nagasaki, ya tafi ya bar ta da ɗa, ya dawo da farar mata, ita kuma ta kashe kanta. Shekara hamsin ana maimaita wannan: namiji ya tafi, mace ta mutu. Sayonara ya karya rabin al'adar, tunda a nan Ba'amurken bai gudu ba, ya mutu tare da matarsa. Sauran rabin kuwa ya bar shi yadda yake, don har yanzu sai da aka binne 'yar Japan kafin zuciyar jarumi ta gama nuna.

A littafin Michener, Gruver da Hana-ogi rabuwa suka yi. Ta koma dandalinta, shi ya koma aikinsa da duniyarsa, sunan littafin ya cika ma'anarsa. Brando ne ya ce ba zai fito ba sai an canza ƙarshen, a bar su su yi aure. Shi ne kuma ya ɗora wa Gruver karin harshen mutanen kudancin Amurka, yankin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a lokacin. Ba sai an yi wa Ba'amurken 1957 bayani ba. Fim ɗin ya fito a Disamba, wata uku bayan Shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock don su raka yara baƙaƙe tara zuwa makarantar farare. Mai kallo yana jin wannan murya ta kudu tana cewa zan aure ta, ya san ba Japan kaɗai ake nufi ba.

To amma a nan ne nake ganin ya kamata a rage yabon. Fim ɗin ya yi yaƙi da dokar da ta riga ta mutu shekara biyar. Wadda ke raye a lokacin ita ce ta jihohi, mai hana aure tsakanin jinsi daban-daban. Kotun California ta soke tata a 1948, amma jihohi da dama sun riƙe nasu, wasu sun haɗa har da mutanen Asiya. A 1955 kotun Virginia ta rushe auren wani Basine da farar mace, Kotun Ƙoli ta ƙasa kuma ta zille wa shari'ar don gudun ƙara hura wutar rikicin makarantu. Sai a Yunin 1967, a shari'ar Loving da jihar Virginia, aka soke irin waɗannan dokoki a jihohi 16 da suka rage. A 1958, da kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa ra'ayinsu kan aure tsakanin fari da baƙi, kashi huɗu cikin ɗari ne suka ce sun yarda. Hollywood ta san wannan sarai. Sai ta zaɓi haɗin da ya fi sauƙin haɗiya: farin namiji, jarumin yaƙi, da mace mai sunkuyar da kai daga ƙasar da Amurka ke nema ta zama babbar ƙawarta a gaban China da Tarayyar Sobiyet. Jiya maƙiyi, yau amarya, kuma siyasar yaƙin cacar baka tana son hakan.

Dubi yadda aka yi da ɗaya haɗin. Eileen, budurwar da Gruver ya bari, ta shaƙu da wani ɗan wasan kabuki, wato wasan dandali na gargajiyar Japan, mai suna Nakamura. Farar mace da namijin Japan ke nan, kuma fim ya tsaya a hira da kallon juna, bai ƙara taku ɗaya ba. Nakamuran ma ba Bajapane ba ne, Ricardo Montalbán ne ɗan Meziko aka yi wa kwalliya aka ja masa idanu. Brando kansa a shekarar da ta gabata ya fito a matsayin mutumin Okinawa a wani fim, da irin wannan kwalliya. Matsayin Hana-ogi ma Audrey Hepburn aka fara yi wa tayi, ta ƙi. Wadda ta samu, Miiko Taka, ba ta taɓa fim ba, a wani kamfanin tafiye-tafiye take aiki a Los Angeles. Haifaffiyar Seattle ce, kuma tana cikin mutum kusan dubu 120 'yan asalin Japan da gwamnatin Amurka ta kwashe ta tsare a sansanoni daga 1942. Ita a Gila River ta jihar Arizona aka ajiye ta. Matar da Michener ya aura a 1955, Mari Sabusawa, ita ma ta yi zaman irin wannan sansani a Colorado. Fim na sa'a biyu da rabi kan wariyar da ake yi wa Japanawa bai ce uffan kan wannan ba, alhali tauraruwarsa ta kwana a ciki.

Babu baƙin soja a cikin labarin kuma, ko da yake akwai su da yawa a Japan, har da runduna guda ta baƙaƙe zalla da ke zaune a Gifu kafin a tura ta Koriya. Su ma sun yi aure, matansu kuma sun sauka a Amurka suka tarar da abin da ba wanda ya shirya su a kansa: wace ƙofa za su bi a tashar mota a kudu, ta farare ko ta baƙaƙe? 'Ya'yan da sojoji suka haifa suka bari a Japan su ma ba su samu shiga labarin ba. Dokar Japan a lokacin ta uba take bi wajen ba da ɗan ƙasa, ba a gyara ba sai 1985, kuma yaron da ya fito da gashi ko fata daban yana ɗauke da shaidar mamaya a fuskarsa. A 1948 Miki Sawada, jikar wanda ya kafa kamfanin Mitsubishi, ta buɗe gidan marayu na Elizabeth Saunders a garin Oiso don irin waɗannan yara, kuma kusan dubu biyu suka tashi a hannunta. A fim, da Hana-ogi ta tambayi Gruver me 'ya'yansu za su zama, amsar da ya ba ta mai daɗi ce, rabi ke rabi ni. A Oiso an san tambayar ta fi haka nauyi.

Duk da wannan ƙorafi, akwai wuri ɗaya da fim ɗin ya taɓa abin da ba a saba taɓawa ba. Katsumi ta samo labarin wani likita da ke yi wa mata aikin fatar ido don su yi kama da na Turawa, ta ɓoye takardar, tana shirin zuwa. A tunaninta idan idonta ya canza, hukuma za ta bar ta ta bi mijinta, kuma ba za ta ba shi kunya a garinsu ba. Kelly ya gano, ya yi fushin da ba a taɓa gani ya yi ba, yana cewa haka yake son ta. Ita kuwa tana kuka, don iyakar fahimtarta ke nan game da dokar 1924, kuma in an duba ba ta yi kuskure ba. Miyoshi Umeki, mawaƙiya daga Otaru a tsibirin Hokkaido, ita ta fito a Katsumi, kuma kusan duk wasanta da fuska ta yi shi.

A bikin Oscar na Maris 1958 an sa fim ɗin a rukuni goma, ya ci huɗu. Brando bai samu ba, Alec Guinness ne ya ɗauka. Waɗanda suka ci na wasa su ne ma'auratan da suka mutu: Red Buttons, ɗan barkwancin talabijin da ya fito a Kelly, da Umeki, wadda ta hau dandali da kimono, rigar gargajiyar Japan, ta zama mace ta farko daga Asiya da ta ci wannan kyauta a fannin wasa. Ba a sake ba wata mace 'yar gabashin Asiya ba sai 2021, lokacin da Youn Yuh-jung ta Koriya ta Kudu ta ci, bayan shekara 63. Umeki kanta, da kyautar a hannu, matsayin da aka fi saninta da shi daga baya shi ne na mai aikin gida a wani shirin talabijin, daga nan ta bar harkar. Ta rasu a 2007 a jihar Missouri.

Su kuwa amaren gaske, nasu labarin daga inda fim ya tsaya ya fara. Kafin su hau jirgi, ƙungiyar Red Cross takan shirya musu makarantar amare, inda matan hafsoshi ke koya musu gasa burodi da kek, tafiya da takalmi mai tsini, da yadda ake shirya tebur da cokali mai yatsu. An koya musu Amurkar da ke cikin mujallu. Da yawa sun tashi a birni, sun yi makaranta, sai suka sauka a gonar da ba ta da lantarki ko famfo, gaban surukar da ɗanta ko ƙanenta ya mutu a yaƙi da Japan. Wasu a ranar farko aka canza musu suna zuwa na Turawa don na asali ya yi wa dangin miji wuyar faɗa. Tsofaffin Japanawan Amurka, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga sansani ba kuma suna neman a manta da su, ba duka suka yi maraba da su ba. Wasu auren sun mutu cikin 'yan shekaru, matan suka riƙe yara da ɗinki ko aikin masana'anta, don komawa gida na nufin a ce ai dama an gaya miki. Wasu auren kuma sun kai shekara hamsin. Kalmar da aka laƙaba musu a Japan, senso hanayome, amaryar yaƙi, ta daɗe tana da ɗaci a bakinsu, har da yawa ba su taɓa gaya wa 'ya'yansu yadda suka haɗu da ubansu ba sai da tsufa ya zo.